Kawuna Mai Zane da Fuskar Kaka

Mai abu Ya karɓi abinSa, mu ma muna nan tafe. Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu a Guangzhou cikin zafin shekarar da ƙasar Sin ta karɓi wasannin Olamfik. Ba a yi doguwar jinya ba. Ya yanke jiki ya faɗi a matattakalar gidan da yake haya a unguwar Liwan, aka kai shi asibiti, bai ƙara magana ba. Muka binne shi a can cikin Musulmin garin, ba wani nasa a kusa sai ni da babban ɗansa, wato taubashina.

A saman wani bene muka yi zaman makoki, inda wata Hajiya 'yar Kano take sayar da tuwo da miyar kuka, don nan ne kaɗai zai ɗauke mu. Mutane sun zo, ba zan yi musu ƙarya ba. 'Yan Kano, 'yan Maraɗi, 'yan Yamai, har da mutanen Kumasi. Abin da suka zo da shi a baki ne har yau yake ɓata mini rai. Kowa ya zauna sai ya shafa fatiha ya ce, "Allah ya jiƙan Malam," sannan ya rage murya ya ƙara da, "Allah ya yafe masa zane-zanen nan." Sai ka ce tun daga ƙasan benen suka haɗa baki. Rabin mutanen nan Kawu ne ya ɗauko su daga filin jirgi ranar da suka fara sauka ba su san gabas ba, shi ya kai su masana'antu, shi ya yi musu tafinta. Ban ji wanda ya tuna da wannan ba.

Wani Alhaji da na san kwantenarsa cike take da takalman da aka liƙa wa sunan kamfanin da bai ma san da zamansu ba, shi ya fi kowa girgiza kai. Yana tsakiyar yi mana bayanin abin da ke jiran masu zane a lahira sai wayarsa ta yi ƙara, wani mai shago ne ɗan Sin. Ya ɗaga ya ce, "Lauban, tumoro, tumoro," wato mai gida, gobe, gobe, suka yi cinikinsu a gabanmu, ya kashe waya ya ɗora daga inda ya tsaya. Na dubi kwanon tuwon da aka ajiye mini na ture shi gefe.

Ni hankalina yana ɗakin Kawu. A bayan ƙofarsa akwai wani zane a jingine, an lulluɓe shi da tsohon rawani. Zanen Kaka ne, mahaifiyarsu shi da Inna, wato mahaifiyata. Ta rasu Inna tana ƙarama sosai, kuma ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba, don a ƙauyensu a lokacin ba wanda ya san wannan. Kawu ya fara tasawa lokacin da ta rasu, shi kaɗai ya rage a duniya da yake ɗauke da fuskarta a ka. Inna ta yi shekaru tana roƙonsa ya zana mata uwarta, yana cewa hannunsa bai kai ba tukuna. A shekarar da zai rasu ya gama. Na kira Inna na shaida mata, ta ce, "Yaushe zai kawo?" Na nemi in ɗauki hotonsa da waya in tura gida, Kawu ya buge mini hannu. Ya ce, "Ba za ta fara ganin uwarta a cikin abin da ake cinikin silifa da shi ba. Da hannuna zan miƙa mata." Da ya rasu, sai kai zanen nan Kano ya zama nawa.

Kawu ba ɗan kasuwa ba ne, kasuwa ce ta faɗo masa. Da zanen mota ya fara a Kano, yana yi wa gingimari ado, da allunan masu aski da masu gyaran rediyo. Ya yi ɗan zama a makarantar horon malamai, kuma a can wani malami Ba'amurke ya bar masa wani littafi mai kauri, cike da hotunan tsofaffin zane-zanen ƙasarsu da labarin mawaƙansu na farko. Littafin nan ya shiga jinin Kawu. Daga baya iyali suka yi yawa, zanen allo ya mutu da aka fara bugawa da inji, sai ya biyo 'yan'uwa Guangzhou ya zama ɗan kamasho. Kuma in gaskiya za a faɗa, bai iya ba. Sai ya kai mutum shago, a gaban mai shagon ya murza yadi ya ce, "Wannan wanki ɗaya zai yi." Mai shago ya ɓata rai, mai saye ya gode ya tafi, Kawu ya dawo gida hannu rabbana yana fito.

Amma ka taɓo masa masu zanen Amurka na farko, to ranar ka bar abin da kake yi. "Mutanena" yake kiran su. Ya ce da yawansu irinsa ne, daga fentin amalanke da allon shago suka fara, ba wanda ya koya musu. Sai mutum ya ɗaure kayan fentinsa a bayan doki yana bin ƙauyuka, ya sauka a gidan manomi ya zana mai gida da matarsa, a ba shi wurin kwana da abinci, gari ya waye ya ƙara gaba. Yawancinsu ko sunansu ba sa rubutawa a jiki. "Ka ga fuskar mai gona tana nan har yau a bango," in ji shi, "wanda ya zana ta kuwa ko kabarinsa ba a sani ba." Akwai masu cewa wai a lokacin sanyi suke zana jikkuna barkatai ba kai, in sun sami mai so sai su ɗora masa kansa. Wannan maganar tana ƙona wa Kawu rai. Ya ce wanda bai taɓa riƙe burushi ba ne ya ƙirƙiro ta, don mai zane daga fuska yake farawa, ita take gaya masa yadda kafaɗa za ta zauna.

Mawaƙansu ma ya san su kamar maƙwabtansa. Ya ce rabin aikinsu ta'aziyya ce, mutum ya mutu a tsara masa baitoci, a buga a falle ɗaya a raba wa masu rakiyar gawa. Yakan ba da labarin wata matar aure mai 'ya'ya rututu da take rubuta waƙa tsakanin girki da jego, maza suna cewa allura ce ta dace da hannunta. Wadda ta fi tsaya masa a rai ita ce wata yarinya da aka sato daga wannan ɓangaren namu na Afirka aka sayar a can. Ta koyi harshensu har ta riƙa waƙa da shi, amma sai da manyan gari suka sa hannu suka shaida cewa ita ce ta rubuta kafin a yarda, kuma a ƙarshe cikin talauci ta mutu. In Kawu ya zo nan sai ya ajiye kofin shayi da ƙarfi, sai ka ɗauka makon jiya aka yi abin a unguwarmu. Ni nakan tsokane shi in ce, "Kawu, mutanen nan sun mutu tun kafin a haifi kakan kakanmu, ka bar su su huta." Sai ya ce, "Kai dai ɗan kwali ne. Duk abin da ba ya shiga kwali ba ka san darajarsa ba."

Wata rana muna kutsawa cikin Shisanhang, titin sarin tufafi, masu dako suna ture mu da buhunan wanduna, sai ya ja ya tsaya a tsakiyar hanya. Ya ce wai a daidai nan jiragen ruwan Amurkawa suke zuwa sayen ganyen shayi a zamanin da. Wani matuƙin jirgi ya taɓa kawo zanen shugabansu na farko, ya ba masu zanen garin nan suka kwafe shi da yawa a jikin gilashi, ya koma da su gida yana sayarwa, mai zanen na asali kuwa sai kotu ya ruga yana kuka. Kawu ya nuna shagunan da ke kewaye da mu, ya yi dariya har da tari. "Ka ga kawo samfur a kwafa ba ku kuka fara ba. Titin nan a cikin sana'ar ya tsufa." Wata mata mai tura kaya ta daka mana tsawa da yarensu, muka matsa.

Yana da wata ɗabi'a da take ba ni kunya. A mota ko a jirgin ƙasa, in mutanen gari suka zuba mana ido kamar yadda suka saba, mu sai mu kau da kai. Shi kuwa sai ya zuba musu nasa, ya zaro guntun kwali da fensir daga aljihu ya fara zana wanda ya fi kallonsa. Kafin a kai tasha ya miƙa masa. Na ga wanda ya ji haushi, na ga wanda ya rungume shi yana ta jera godiya. Ɗakinsa kuwa ƙaurin fenti ya kama komai, har biredin da zai ba ka. Bangon duk fuskoki ne: masu dako, mai gadin sito, tsohuwar da take ba shi hayar ɗakin, da 'yan'uwanmu fatake waɗanda suka zo da kansu a ɓoye suka zauna ya zana su, wasunsu kuwa suna cikin masu rage murya a wurin makoki.

Babban amininsa wani dattijo ne mutumin Maraɗi, mai sarin fitilu. Wata shekara 'yarsa ƙarama ta rasu a gida yana nan Guangzhou, kafin ya sami jirgi an binne ta. Abin da yake da shi nata wani ɗan mitsitsin hoto ne da ya dushe, an ɗauka daga nesa a wurin suna. Kawu ya karɓa, ya zaunar da shi yana tambayarsa yadda take dariya, da yadda take karkata kai in ana yi mata magana. Da ya gama ya miƙa masa, dattijon nan ya juya wa mutane baya, kafaɗunsa suna rawa. Kawu bai karɓi komai ba. Haka kuma duk ɗan'uwanmu da ya rasu a garin nan ba dangi, Kawu zai tsara masa 'yan baitoci ya rera bayan an dawo daga maƙabarta, ya ambaci garinsu da sana'arsa da wani halinsa mai kyau. A nasa makokin ba wanda ya yi masa ko baiti ɗaya. Ni ban iya waƙa ba, shi ya sa nake wannan rubutun.

Da taubashina kuwa ba sa jituwa a kan zane. Mutum ne mai sallah a kan lokaci, ba zan hana masa wannan ba. Amma sana'arsa kayan wasan yara ce. Kwantena guda yake cikawa da 'yan tsanar roba masu shuɗin ido da gashin doki, da rigunan yara masu fuskokin 'yan ƙwallo. Wata rana ya shigo ɗakin ina nan, ya dubi bango ya ce, "Baba, don Allah ka bar abin nan haka. Mutane suna magana, kuma shekaru sun ja."

Kawu bai ɗago daga fentin da yake damawa ba. Ya ce, "Kai naka masu idon fa?"

"Wannan ai kasuwa ce, Baba. Na yara ne."

"To. Ashe in an sa wa abu farashi sai ya tsarkaka." Ya goge hannu a tsumma. "Ni dai na san abin da malamai suka faɗa, na kuma san sun yi saɓani. Tsakanina da Ubangijina ne. In na mutu kada ka taya ni."

Taubashi ya fita yana gunaguni. Kawu ma yana da nasa, bakinsa kaifi ne da shi, kuma bai taɓa sassauta wa yaron nan a gaban mutane ba. Na sha ganin ya gwale shi a inda shiru zai fi.

A shekarar nan an matsa wa baƙi a kan biza saboda wasannin, kowa a tsorace yake. Tawa ta zo ƙarewa ana cikin makoki, dole na tsallaka iyaka in nemi sabuntawa. A daidai lokacin kuma tsohuwar mai gida ta ce tana son ɗakinta, don ita ma ana yi mata tambayoyi a kan 'yan haya baƙi. Kafin in tafi na kama hannun taubashi na kai shi bayan ƙofa, na nuna masa abin da ke cikin rawanin. Na ce, "Wannan Kaka ce, na Inna ne. Komai za a yi, a ajiye shi in dawo."

Ya ce, "Haba, na Gwaggo ne ai. Za a kula da shi."

Da na dawo na tarar sun gama, an kai komai siton aminin Kawu. Aikin haɗa kaya kam ba a koya wa mutanenmu. An ciro kowane zane daga katakonsa, an naɗe shi tsaf, an sa a leda saboda danshi, an jera a kwali, an bi da salatif ta kowace kusurwa. Har na fara jin kunyar zargin da na yi musu a raina. Na farke kwalin farko na warware na sama, mai gadin sito ne. Rigarsa tana nan, da hannunsa riƙe da kofi. Inda kansa yake kuwa an fafe rami mai kusurwa huɗu, an yanke shi daidai, da wuƙar yanka kwali da abin awo. Na warware na biyu, haka. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har na zo kan wanda aka naɗe da rawani. Shi ma haka.

Taubashi yana tsaye a bakin sito yana duba kayansa. Na ɗago zanen na nuna masa. Bai ko ji kunya ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Fuskarsa irin ta wanda ya sauke nauyi ce.

Ya ce, "Mahaifina ne, na fi kowa son a sassauta masa a inda yake. Na kira wani malami a gida na tambaya. Ya ce abin da ake gudu a hoto kai ne, in an cire kai shi ke nan. Wasu ma cewa suka yi a ƙona duka, ni na hana."

"Na ce maka na Inna ne."

"Shi ya sa na yanke shi a hankali. Duba ka gani, ko zare bai zare ba. Yanzu Gwaggo za ta iya rataye shi a ɗaki ba wani abu."

"Ina kawunan?"

Ya ce tun a gidan hayar Kawu aka zuba su a leda aka sauke ƙasa da shara. Na tari mota na koma Liwan, na sami tsohuwar mai gida tana wanke ɗakin. Na yi ta kwatanta mata da hannu, ina zagaye fuskata da yatsa. Ta gane. Ta girgiza kai ta ce, "Meyo," wato babu. A kwanakin nan ana share gari safe da yamma saboda baƙin wasanni, ba abin da yake kwana a bakin titi. Ta nuna mini bayan ƙofarta inda ta rataye nata da Kawu ya yi mata, da kansa da komai, ta dafa ƙirji.

Ban yi jayayya da malamai ba, ba fagena ba ne. Abin da ya gundure ni shi ne mutanen da ba sa iya sayen maɓalli sai sun kira Kano sun ji ta bakin mai kaya, amma suka ɗora wuƙa a kan amanar tsohuwa ba wanda ya ce a tambaye ta. Daga baya na ji cewa aminin Kawu ne ya riƙa ja musu ƙyallen zanen don yankan ya miƙe. Na same shi a cikin fitilunsa na ce, "Baba, har da kai?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mi zan ce? Ɗansa na, shi ka da iko." Na ce, "Na 'yarka fa, ka kawo an yanke?" Sai ya hau goge wata fitila da ba ta da ƙura. Taubashi kuwa, duk da wasan da ke tsakaninmu tun muna yara, daga ranar ban ƙara tsokanarsa ba. Gaisuwa ce kawai.

Ban gaya wa Inna a waya ba. Na yi tunanin in ce ya ɓace a hanya, na ga ba zan iya yi mata ƙarya a kan uwarta ba. Da na sauka Kano na tarar ta sa an share ɗakinta, har an buga ƙusa a bango. Na ce wa matan gidan su ba mu wuri. Na zauna a gabanta na faɗa mata abin da ya faru, sannan na warware shi a kan tabarma. Mace ce a zaune da baƙin zane da mayafi, hannuwanta a kan cinya, faifai a gefenta. Ta cikin ramin ana hango saƙar tabarma.

Inna ta daɗe tana kallo. Ba ta zagi kowa ba, na so a ce ta zaga. Ta yi wa yayanta addu'a, ta ce Allah ya haskaka masa kabari, ya haɗa shi da uwar da ya zana. Na ce amin. Sannan ta sa yatsa ta bi gefen yankan.

"Kai ka gan ta kafin su yanke?"

"Na gan ta, Inna."

"To faɗa mini. Yaya take?"

Na buɗe baki. Na ce doguwar fuska ce, ina jin da tsaga a kumatu. Ta matso ta ce, "Wace irin tsaga? A wane gefe?" Na rufe ido na nemi fuskar nan. Na sha shayi a gabanta ba sau ɗaya ba, na kalle ta kallon abin da na ɗauka yana nan ba inda za shi. Na ga mayafin, na ga hasken da ke bayanta, amma fuskar ta ƙi zuwa.

Na ce, "Ban tuna ba, Inna."

Ta janye hannunta ta ɗora a kan cinya. Ta ce, "Ni ma haka."